Bari Mu Ji Ta Bakin Arewa

A shekarata ta biyu a jami'a aka ɗora mana wani kwas da kowa sai ya yi, ko likita zai zama ko akanta. Sunansa dogo ne, amma abin da ke ciki bai wuce tarbiyya da al'ada da zaman tare ba. Malamin dattijo ne mai sanƙo, wanda da ganinsa ka san ya gaji da koyarwa tun kafin a haife mu. Sai ya samo dabara. Ya raba mu rukuni-rukuni, ya ba kowane rukuni tambayoyi, ya ce mu je mu tattauna, ƙarshen zango mu zo mu gaya masa abin da muka gano. Shi kuma ya koma ofishinsa ya kunna fanka.

Ni a Inugu aka haife ni, a unguwar Obiagu, a gidan haya mai tsakar gida ɗaya wanda maƙwabtanmu kusan duk Ibo ne. Babana wake yake sayarwa buhu-buhu, kuma tun yana saurayi ya zo garin. Arewa na je ta sau ƙalilan, biki ko rasuwa, kuma duk zuwan da na yi da ciwon ciki nake dawowa saboda canjin ruwa. Ina jin Ibo kamar yadda nake jin Hausa, in ma faɗa ne ya kama na fi iya shi da Ibo. Sai dai ina sa hijabi, kuma a rukuninmu ni kaɗai ce mai shi.

A gindin wani mangwaro bayan ɗakin karatu muka yi zaman farko. Wani dogon saurayi mai sa kwat ko da rana na dukan tsakar ka ya iso da jaka irin ta lauyoyi. Kowa na zaune, shi ya tsaya a tsaye, ya gyara murya ya ce, "Na gode da wannan amana da kuka ɗora mini." Ba wanda ya zaɓe shi, ba wanda ma ya san ana zaɓe. Daga ranar muke kiransa Ciyaman. Akwai wata 'yar Anaca, ɗiyar ɗan kasuwa, da ke sayar da turare da gashin kanti a cikin aji. Akwai wani ɗan Fatakwal da ba ya zuwa taro sai ya tabbatar akwai abin taɓawa. Sauran sukan zo yau, gobe su ɓace. Da Turanci muke magana, in an ji zafi a koma buroka.

Tambayar farko ita ce ko cin hanci al'ada ne ko laifi. Ciyaman ya yi jawabi mai tsawo, ya ambato wasu Turawa da suka mutu tuntuni, ya ce ƙasar nan ba za ta gyaru ba sai an samu matasa masu gaskiya. Yana cikin wannan 'yar Anaca na sa hannu a madadin ƙawayenta da ba su zo ba, tana canza biro don kada rubutun ya yi kama. Ɗan Fatakwal ya ce shi ra'ayinsa ya danganta da ko shi ne zai bayar ko shi ne zai karɓa. Aka yi dariya. Sai Ciyaman ya ɗaga hannu aka yi tsit.

"Yanzu," in ji shi, "bari mu ji ta bakin Arewa."

Duk suka juyo suna kallona. Ni ma na waiga bayana in ga ko wani ne ya iso daga Sakkwato.

Na ce, "Ni fa a Obiagu nake. Keke napep ɗaya ke kawo ni nan."

"Mun sani," in ji Ciyaman, cikin irin muryar da ake lallashin mara lafiya da ita. "Amma asali muke magana. Mene ne matsayin mutanenku?"

Na ce ban sani ba. Ya sunkuya ya rubuta, sannan ya karanta mana: Arewa ta zaɓi yin shiru, wanda shi ma matsayi ne.

Haka muka ci gaba mako-mako. Ko ya halatta ka yi ƙarya don ka ceci abokinka. Wa ya kamata ya ɗauki nauyin tsofaffi, 'ya'yansu ko gwamnati. Ko wayar hannu ta lalata tarbiyyar matasa, wadda muka tattauna kowa kansa a sunkuye yana danna tasa. Duk tambayar da aka taɓo, ƙarshenta a kaina take sauka. Wasu tambayoyin ma ba na malamin ba ne. Ko na taɓa hawa raƙumi. Ko ana ruwan sama a can. Ɗan Fatakwal ya daɗe yana son ya san dalilin da ya sa ba a sayar da tsire da safe, kuma ya yi imani akwai wani sirri da muke ɓoyewa.

Wata rana 'yar Anaca ta raɗa wa ta kusa da ita da Ibo cewa yadin hijabina mai kyau ne, amma ba ta san yadda za ta tambaye ni inda na saya ba. Na amsa mata da Ibo cewa a kasuwar garinsu aka sayo shi, kuma ina zargin a layin babanta ne, don wanki biyu ya fara koɗewa. Ta yi wata ƙara har tsuntsayen kan mangwaron suka tashi. Ta rungume ni, daga ranar muka ƙulle. Na ɗauka shi ke nan an sauke ni daga muƙamin. Sai Ciyaman ya gyaɗa kai ya ce wannan ya ƙara tabbatar da basirar mutanen Arewa wajen koyon harsunan waje.

Da zango ya yi nisa malamin ya fito daga gaban fankarsa ya ba kowane rukuni babbar tambaya guda da zai gabatar a gaban aji. Tamu ita ce: mutum ɗan ina ne, inda aka haife shi ya girma, ko inda kakanninsa suka fito? Ya ce dole mu je mu yi hira da wani dattijo. Kafin in buɗe baki Ciyaman ya riga ya yanke hukunci. Babana za mu je gani.

Na sami Baba da safe yana karyawa da okpa, wato alalar gurjiya ta mutanen Inugu, wadda in bai ci ba yakan ce ranar ba ta fara ba. Yana sanye da singileti da gajeren wando, rediyonsa na tashar Ibo. Na gaya masa abokan karatuna za su zo ranar Asabar su yi masa tambayoyi.

"Tambayoyin me, Uwata?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Na ce, "Bincike ne na jami'a, a kan al'ada. Suna son su ji ta bakin ɗan Arewa."

Ya ajiye okpar. Ban taɓa ganin ya ajiye ta bai gama ba. Ya kashe rediyo, ya dubi bango, sannan ya ce, "To. Ba za mu ba Arewa kunya ba."

Abin da ya biyo baya sai da ya girgiza gidan. Aka fitar da kujerun falo aka jibge su a ɗakin yayyena. Aka aro darduma da tumtum a wurin wani mai sayar da kayan fata a unguwar Uwani. Aka sauke kalandar ƙungiyar 'yan kasuwa da ke bango, wadda hoton Baba ke ciki yana sanye da jar hula irin ta dattawan Ibo. Aka tono babbar rigarsa daga ƙasan akwati tana warin kafur, aka shanya ta kwana biyu ba ta daina ba. Ya ce Mama ta dama fura.

Mama ta ce, "Alhaji, rabon da a dama fura a gidan nan tun sunan auta. Kai ne ka ce tana sa ka barci a kasuwa."

"Baƙi za a yi."

"Baƙin da gidajensu ke bayan layinmu?"

Da safiyar Asabar ya kira ni ya kafa mini doka. Ya ce yau ba ya jin Turanci, ba ya jin Ibo, ni zan yi tafinta.

Na ce, "Baba, da wane yare kake ciniki a kasuwa?"

"Wannan kasuwa ce. Yau wakilci nake yi."

Da hantsi suka iso cikin keke, Ciyaman da 'yar Anaca da ɗan Fatakwal, wanda ya ji labarin za a yi girki. Suka tarar da Baba ya harɗe a kan darduma, ya jingina da tumtum, carbi a hannu, kamar wanda aka ɗauko daga cikin littafin tarihi. Ni kaina sai da na tsaya na ƙare masa kallo. Ciyaman ya yi ƙoƙarin zama a ƙasa da kwat ɗinsa, wandon ya yi wata 'yar ƙara, muka yi kamar ba mu ji ba.

Baba ya fara gaisuwa. Ya tambaye su kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyayensu, ya tambayi karatu, ya tambayi hanya, ya tambayi zafi, ya dawo kan gajiya. Kowane ɗaya sai da ya bi shi da wannan, ni kuma ina fassarawa. Ciyaman na rubutawa da sauri, ya ɗauka hirar ce aka fara.

Da aka zo kan magana Ciyaman ya ce, "Ki tambaye shi, ina ne gida a wurinsa?"

Baba ya buɗe baki zai amsa, sai ya tuna ba ya jin Turanci, ya mayar da abin tari. Na fassara. Ya lumshe ido ya ce, "Gida yana Arewa. Nan baƙunta muke yi."

"Tun yaushe yake baƙuntar?"

"An kwana biyu," in ji Baba.

Na rasa yadda zan fassara kwana biyun da aka haifi yayyena da ni da ƙannena a cikinsa, sai na ce shekaru masu yawa. Baba ya harare ni.

"Ba haka na ce ba."

"Baba, ai ba ka jin Turanci."

"A fuskarsa na gani."

Ciyaman ya tambayi yaushe zai koma. Baba ya ce baɗi, in Allah ya kai mu. Daga bayan labule Mama ta yi wani tari mai tsawo. Wannan baɗin tun tana amarya take jin sa. Baba ya ci gaba da ba su labarin garinsu, yadda kowa ya san kowa, ba a kulle ƙofa, yara ba sa ɗaga ido su kalli babba, maƙwabci ba ya ɗaga wa maƙwabci murya. Ya ce ɗan Arewa mutum ne mai haƙuri da kawaici, ko an taka shi sai ya ce sannu. Ciyaman har wani lumshe ido yake don daɗi. 'Yar Anaca na kurɓar fura tana kallon farin wurin da kalanda ta bari a bango.

Sai muka ji hon ɗin tankar ruwa a ƙofar gida.

Wanda bai zauna a Inugu da rani ba ba zai gane abin da wannan hon ɗin yake nufi ba. Famfo ya daɗe da zama abin ado, rijiya ta ƙafe, tanka kuwa sai ta ga dama take zuwa. Tun asuba muka jera duronmu da jarkokinmu a gaba. Ta taga muka jiyo muryar matar mai gidan da muke haya, wata tsohuwa mai jiki da ta shafe shekaru tana faɗa da Baba a kan komai, daga igiyar shanya har kwata. Tana gaya wa direba da Ibo cewa ya fara kai mesa tankinta, waɗannan jarkokin a ture su gefe, masu su suna da baƙi ba za su fito ba.

Carbin Baba ya tsaya. Ciyaman na karanto tambaya ta gaba, a kan muhimmancin haƙuri a al'adar Hausa. Muka ji ƙarar duro ana jan sa a kan siminti.

Baba ya miƙe, ya naɗe hannayen babbar riga a kafaɗa, ya fita ko takalmi bai tsaya sawa ba.

Ibon da ya fito daga bakinsa ba irin na makaranta ba ne. Na tsofaffin Inugu ne, mai kauri, wanda ko 'yar Anaca sai da ta matso ta ce in fassara mata wasu wurare. Ya tambayi tsohuwar ko hannunta ne ya jera jarkokin da za ta ture su. Ya tuna mata wanda ya ɗauki ɗanta a kafaɗa zuwa asibiti ranar da ya faɗo daga kan katanga. Ita ma ba ta bar shi ba, ta ce gidan mijinta ne, in bai ji daɗi ba ya tattara ya koma garinsu.

"Wane garin?" in ji Baba, murya har bakin titi. "Ke ce za ki koma ƙauyenku! Ina cikin gidan nan aka kawo ki amarya, ko kunna risho ba ki iya ba. Ni na riƙe wa mijinki lema ranar bikin. Ni ɗan Obiagu ne tun kafin ki san hanyar Obiagu!"

Muna tsaye a bakin ƙofa mu duka, har da Mama da ludayi a hannu. Sai a lokacin tsohuwar ta lura da shigarsa. Ta dube shi daga hula har ƙafa, ta ce, "Wannan fa? Takarar gwamna za ka tsaya ba ka gaya mana ba?" Ta fashe da dariya har tana dafa tanka. Direban ya kai mesa duronmu da kansa.

Da aka gama ɗibar ruwa ta biyo mu falo ba wanda ya gayyace ta, ta nemi kujera ba ta gani ba, ta zauna a kan tumtum, ta shanye furar ɗan Fatakwal. Ta gaya wa baƙin cewa wannan mutumin shi ke raba faɗa a layin nan, shi ake kira in za a fasa goro a taron unguwa kamar kowane dattijon Ibo, kuma ba abin da ke damunsa sai taurin kai. Baba ya dawo ya zauna a kan dardumarsa, ya sauke hannayen riga, ya ɗauki carbi. Ya dube ni ya ce da Hausa, cikin natsuwa, "Uwata, ina muka tsaya?"

'Yar Anaca ta kifa kanta a cinyata, tana dariya har hawaye na zuba.

Da na raka su bakin titi neman keke, Ciyaman ya ce maganar tanka ba za ta shiga rahotonmu ba, don ba ta cikin tsarin bincike. A nan raina ya ɓaci, kuma a nan ne muka yi tattaunawa ta gaskiya ta farko tun da aka haɗa mu, a tsaye kusa da mai gasa masara. Na ce masa ya je da tsarinsa. Na ce a garin nan aka yanke mini cibiya, amma duk abin da aka ce na 'yan jiha ne, sai a ce in je jiharmu. In na je can kuma 'ya'yan baffannina su kewaye ni su ce in yi musu Ibo su yi dariya, suna kirana 'yar kudu. Na ce shi kuma ya zo ya naɗa ni wakiliyar wurin da ko hanyar kasuwarsa ban sani ba.

Sai 'yar Anaca ta ce ita ma fa a Anaca aka haife ta, amma 'yan asalin garin har gobe 'yan zuwa suke kiran su babanta. Ɗan Fatakwal ya ce nasa uban daga wata jiha ya zo aikin tashar jirgin ruwa, kuma shi in aka ajiye shi a ƙauyensu ba zai gane ƙofar gidansu ba. Muka juya kan Ciyaman. Ya daɗe yana gyara wuyan kwat, sannan ya ce shi a Legas ya tashi, ƙauye sai Kirsimeti, kuma kakarsa takan nemi wanda zai fassara mata abin da yake cewa.

Na ce, "To ka gani."

Ya ce, "Na gani. Amma naki ne zai fi kawo maki."

Ranar gabatarwa ajin ya cika har tagogi. Ciyaman ya cinye kusan duk lokacinmu a kan godiya da gabatar da kansa. Malamin na zaune a gefe, haɓa a ƙirji, ba ka iya cewa tunani yake ko barci. Daga ƙarshe Ciyaman ya ce yanzu 'yar'uwarmu daga Arewa mai nisa za ta gaishe ku da harshenta. Na tashi na ce ina kwananku. Aka yi tafi kamar na yi wani abin al'ajabi. Da tafin ya lafa sai na juya harshe zuwa Ibo da buroka, na ba su labarin babbar riga da tanka daga farko har ƙarshe, ina kwaikwayon muryar Baba da ta tsohuwar.

Da farko dariya aka yi ta yi. Sai wani daga baya ya miƙe ya ce duk da haka baƙo baƙo ne, ƙasa ta masu ita ce. Wata ta tambaye shi shi ɗan wane gari ne, da ya faɗa ta ce ai kakanninsa ma daga hayin kogi suka zo. Kafin a ankara aji ya rabu gida-gida. Wasu samari biyu har sun cire agogo za su dambace a kan ko filin da aka gina jami'ar na ƙauyen wannan ne ko na wancan. Hayaniyar ce ta tashi malamin. Ya miƙe ya dube mu da fara'a ya ce madalla, wannan shi ake kira tattaunawa. Bai tambayi abin da muka gano ba. Da sakamako ya fito, kowa a ajin maki ɗaya ya samu, na tsaka-tsaki, har da waɗanda ba su taɓa zuwa ba.

Da na koma gida Baba ya tambaye ni hukuncin da jami'a ta yanke, shi ɗan ina ne. Na ce ba a yanke ba. Ya ce, "To me kuke yi a makarantar?"

Bayan mun gama karatu kowa ya kama gabansa. Wata rana da yamma wayata ta yi ƙara, na ɗauka na ji Ciyaman ne. An tura shi bautar ƙasa Arewa, kuma jihar su Baba. Mahaifiyarsa ta kwana biyu ba ta ci abinci ba. Yana son in gaya masa komai: me zai sa, me zai ci, me zai ce in an yi masa magana. Na ce masa iyakar abin da na sani shi ne ya tafi da maganin ciwon ciki. Baba na kusa yana jin mu, ya miƙo hannu ya karɓi wayar. Da Ibo haɗe da buroka ya yi masa magana, ya ce ya kwantar da hankalinsa, yana da gida a can.

Gaskiya ne yana da shi. Shekara da shekaru Baba na aika abin da ya samu ana ɗora bulo a garinsu, har gida ya kammala, da fenti da ƙofar ƙarfe. Ba wanda ya taɓa kwana a ciki sai ƙadangaru. Ƙanin Baba ya yi hanya aka tura Ciyaman makarantar sakandaren garin, aka share masa ɗaki, aka ba shi makulli. Shi ne mutum na farko da ya hura wuta a gidanmu na Arewa.

Da shekara ta zagayo ya zo Obiagu ya yi godiya. Da ƙyar na gane shi. Kaftani ne a jikinsa da hula, ya yi baƙi ya yi ƙiba, yana riƙe da ƙullin kilishi da kuka da daddawa da gwaggona ta ba shi ya kawo. Ya yi sallama, ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaida Baba da Hausa, ya bi gajiya da iyali da kasuwa ɗaya bayan ɗaya bai tsallake ko guda ba. Na tambaye shi ko okada ya hawo daga tasha.

"Acaɓa ake cewa," in ji shi. "Hausarku ta nan ta ɗan gurɓace, amma za a iya gyarawa."

Na buɗe baki zan ba shi amsar da ta dace da shi, Mama ta taka mini ƙafa. Baba kuwa ya jawo kujerarsa kusa da shi. Ya tambaye shi ko an gama kwaltar da ta bi ta gaban masallacin Juma'a. Ciyaman ya ce an gama, har ta fara fashewa. Ya tambayi wani mai shayi a bakin tasha da suka yi wasan ƙasa tare, Ciyaman ya ce ya rasu kafin azumi, ɗansa ne a teburin yanzu. Baba ya yi salati a hankali, ya ce ba wanda ya gaya masa. Sannan ya tambaya ko ɗakin da ke kallon gabas yana shan iska, don shi ya ce a yi masa taga biyu.

"Yana sha sosai, Baba," in ji Ciyaman. "A nan nake kwana."

"Madalla," in ji Baba. Ya juya ya ce da Mama a ƙaro wa yaron nan abinci, ya sha hanya.